Sammacin Teodoro

Ranar da suka sallame ni daga ɗakin wankin asibiti
ƙanƙara ta kai gwiwa a Duluth.
Takardar layi ɗaya ce: ta bar aiki babu izini.
Na nemi kuɗin rashin aiki, aka ce a'a.
Na ɗaukaka ƙara.

Ba kotu ba ce, in ji matar da ta ɗaga waya,
ɗaki ne a hawa na uku, tebur da kujeru biyar,
ba baƙar riga, ba guduma.
Amma shaida shaida ce, Lorraine.
Wa ya ji lokacin da aka ba ki izinin?

Teodoro ya ji.
Yana naɗe zannuwan gado a bayana
sa'ad da Mista Pruitt ya ce, je ki, ɗanki ya fi.
Na same shi a tashar bas, ya sunkuyar da kai:
'Ya'yana uku, Lorraine.
In na zo da ƙafata, gobe ni ne a waje.

Sai na koyi kalmar sammaci, ina da shekara hamsin da biyu.
A rubuce ake nema, kafin ranar zama,
a faɗi sunan mutum da inda yake kwana,
da abin da zai faɗa wanda wani ba zai iya ba.
Na nemi mutum huɗu, da littafin shiga da fita na Janairu.
Madam Lindqvist, mai sauraren ƙara, ta soke uku:
bakinsu ɗaya ne, ta ce, maimaici ba hujja ba ne.
Ta sa hannu a kan Teodoro da littafin.

Ƙanwata ta kai masa takardar ranar Laraba.
Ta ce ya karanta sau biyu a bakin ƙofa,
ya ninke ta huɗu kamar yadda yake ninke tawul,
bai ce komai ba.
Daren nan ban runtsa ba.
Na ɗaure abokina da igiyar hukuma,
na ja shi inda ya ce ba ya zuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.
Rikoda a tsakiyar tebur, jar fitilarta a kunne,
kofin Mista Pruitt yana huce wa kansa.
Teodoro ya shigo da rigar cocinsa,
ya ajiye sammacin a gaban maigidansa tukuna,
ya shafe shi da tafin hannu.
Ba ni na zo ba, ya ce. Wannan ce ta kawo ni.
Sannan ya ɗaga hannu ya rantse,
ya faɗi abin da ya ji, har da ƙarfe nawa.

A nan na gane.
Abin da na ɗauka igiya ce, laima ce.
Mutum na iya riƙe gaskiya a baki wata guda
yana jiran wanda zai tilasta masa.

Hukunci zai zo ta gidan waya, in ji Madam Lindqvist,
ta kashe rikoda.
A matakala ya miƙo mini rabin burodinsa.
Muka jira bas ɗaya,
tafkin yana daskare a gabanmu, fari fat,
ba wanda ya yi zancen asibiti.