Ƙasar Ganuwa

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar wa Dakta Seshadri jaka,
ni Tanimu, ɗan Ƙofar Kuyambana.
Shi ya haƙa, ni in ƙulle:
ƙasar Bomo, ƙasar Shika, jar ƙasar gindin Kufena.
A Samaru yake auna su, ya ba kowacce lamba.
Ba ya cin nama. Na ɗauka rowa ce,
sai ranar da ya biya wa ɗana kuɗin asibiti.

Wata damina ruwa ya tare mu a Ƙofar Gayan.
Muna cikin mota muna kallon ganuwa tana narkewa,
jan ruwa na gangarowa,
rabi ya yi cikin birni, rabi ya yi waje.
Ya ce, da Hausarsa da ba ta san ƙa ba:
"Tanimu, da me aka gina wannan?"
Na ce da ƙasa.
"Kasar ciki ko kasar waje?"
Na yi dariya. Ga kududdufin da aka ɗebo ta, kwaɗi na ta kuka.

Ya ce a garinsu akwai masu cewa haka duniya take:
abu guda ne ya miƙe tsaye
ya raba kansa da kansa,
har ya yi ƙofa, ya naɗa mata sarki.
Adabaita, in ji shi. Wai ba biyu ba.
Bai yarda ya ce ɗaya ba,
wai mai ƙirga ɗaya a gefe yake tsaye, ya zama na biyu ke nan.

Na ce Dakta, dakata.
Mu a wurinmu Ubangiji Ubangiji ne, bawa kuwa bawa,
abin da ke tsakani ba ginin laka ba ne da damina za ta ci.
Ya gyaɗa kai irin nasu, ba i ba, ba a'a ba,
ya miƙo mini gyaɗa.
Ba mu sake tayar da zancen ba.

Da ya koma gida, wasiƙa biyu na samu.
Ta uku 'yarsa ce ta rubuto:
sun ƙona shi, sun zuba tokar a kogi.
Kwana uku tuwo bai wuce mini ba.
Mutumin da ya san kowace ƙasa da sunanta,
ƙasa ba ta same shi ba.

To bara, a gonata ta Dakace, bakin Galma,
ina huɗa, la'asar ta kusa,
gumi na ɗiga a kunya, kunya na shanyewa,
sai na rasa inda hannu ya ƙare, inda ƙotar garma ta fara.
Kurciya ta yi kuka a kan ɗorawa,
kukan bai zo daga ko'ina ba,
bai kuma tarar da kowa ba.
Ji ne kawai, babu mai ji.
Dawa, ruwa, rana, numfashi,
duk babu wanda ke kallon wani.

Inuwa ba ta matsa taki guda ba
cinnaka ya cije ni a ɗan yatsa.
Na dawo Tanimu,
da ciwon gwiwa, da bashin takin zamani.

Na yi istigfari, ko da dai.
Na kai wa Liman Ishaƙa maganar,
ya ce yunwa ce, in riƙa karyawa kafin in fita.
Wataƙila.
Har yau biyu nake tsayawa a salla,
ni da Wanda nake roƙo,
kuma haka na fi so. In babu biyu, wa zan kai wa kuka?

Sai dai jiya na bi ta Gayan.
Ganuwar ta rage tsawo, ba ta kai ƙuguna ba a wani wurin,
awaki sun yi hanya ta kanta.
Na duƙa na damƙi ƙasa, don sabo,
na laluba aljihu neman abin ƙulli.
Babu.
Na buɗe hannu,
ban duba gefen da ta zuba ba.