Iska a Cikin Birki

Jiya da la'asar ina gangarowa daga gadar Kawo,
fasinja uku da buhun albasa,
na taka birki, ƙafata ta nutse
kamar na taka tuwon da bai sha iska ba.
Keke ya ce bai san zancen ba.
Da giya na tsaya, da salatin wata dattijuwa a baya,
taku biyu tsakanina da tiren mai awara.

Yau tun koko bai huce ba ina Panteka.
Oga Bulus ya leƙa ƙasa, ya leƙa fuskata,
ya ce, "Tanimu, iska ce ta shiga."
Na ce to a kira mai ruƙiyya mana.
Bai yi dariya ba. Ya ce,
"Yarona ya tafi biki Kafanchan.
Hau. Yau kai ne ɗan koyo."

Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
sawunsa kawai nake gani, silifa ɗaya ta tsinke.
Sifana mai lamba takwas,
tiyon ƙarin ruwa da ya samo a kemis,
robar lemo da aka yanke wa wuya.
Daga tayar da ta fi nisa ake farawa, in ji shi.

"Taka!"
Na taka, na taka, na taka.
"Riƙe!"
Na riƙe.
Ya murɗa noti, feda ta sulale ƙasa da ƙafata,
cikina ya sake tunawa da jiya.
"Kada ka ɗaga sai na ɗaure.
Ka ɗaga, ka zuƙo mana sabuwa."

Tsohon mai ya fito baƙi, kamar shayin da ya kwana,
a cikinsa 'yan kumfa suna bin juna,
ba su kai ƙwayar gero ba.
Na ce, waɗannan?
Waɗannan ne suka so su mai da Asabe gwauruwa?
Daga ƙasa murya ta ce, "Su ne. Taka."

Rana ta hau kan rumfa.
Kekuna suna wucewa cike, 'yan kasuwar Barci,
kowanne ya wuce sai in lissafa:
ɗari uku, ɗari shida,
balas ɗin Hajiya Laraba da ba ya jin uzuri,
kuɗin jarrabawar Ummi.
"Hankalinka na ina? Tanki zai bushe!"
Na tsiyaya sabon mai, fari tas,
ya ɗiga a yatsana, yana santsi, yana wari.

Shekara tara ina kawo masa keke,
ban san ƙofar gidansa ba, can ƙetaren kogi,
shi ma bai san tawa ba a Rigasa.
Amma ga shi kwance, kansa daf da taya,
ni a sama ban ga hannunsa ba,
shi a ƙasa bai ga ƙafata ba,
in ya ce riƙe, ya yarda na riƙe.

Taya ta biyu. Taya ta uku, notinta ya cije,
sai da ya yi masa magana da yarensu.
Taka. Riƙe. Saki.
Cinyata ta fara rawa.

Can sai feda ta yi gardama.
Na danna, ta danno ni,
kamar rago ya kafe ƙafa a bakin kasuwa.
A tiyo mai yana tafiya shiru, babu kumfa.

Ya fito yana goge hannu da tsumma,
ya ce, "Zagaya ka dawo."
Na zagaya. A gaban mai rake na taka,
keke ya tsaya cak, har na sumbaci gilashi.

Dubu biyu ya ce. Na ce ai ni na yi rabin aikin.
Ya cire ɗari biyu, ya ce kuɗin ɗan koyo ke nan,
in je in sha koko, in akwai saura.