Wasiƙar da Ba Ta da Adireshi

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Olomouc.
Na san ƙofar da ke kuka, na san wadda ke cizon yatsa,
na san karen gida mai lamba goma sha huɗu,
shi ma ya san ƙaurina.
Na ce babu lungun da ya rage mini a garin nan.
Doubravka, jikata, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta miƙo mini waya: lambobi jeri biyu,
ɗaya na arewa, ɗaya na gabas,
da wata kibiya mai rawar kai
kamar kazar da aka saki a baƙon gida.
Wai wani ne ya ɓoye ɗan akwati,
ya bar wa tauraron ɗan'adam sallahu.
Doka uku ce, in ji ta:
in ka ɗauka ka ajiye,
ka rubuta sunanka,
ka mayar yadda ka tarar, ba a idon mai wucewa ba.

Muka gangara bakin kogin Morava,
kaka da jika, a tsakiyar kaka,
ganye na karyewa ƙarƙashin takalmi.
Waya ta ce saura taku tara.
Ta ce sha biyu. Ta ce uku.
Ashe tauraro unguwa yake kai mutum,
ba ya nuna ƙofa.
Daga nan sai ido, sai yatsa, sai gwiwa a ƙasa.

Na leƙa kogon bishiya, gizo-gizo ya leƙo ni.
Na ɗaga dutse, na mayar da dutse.
Wata mai tura keken jariri ta tsaya,
ta ce, Baba, me ya faɗi?
Na ce, girmana.
Muka koma gida hannu na dukan cinya.

Asabar na dawo ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba.
Ruwan sama ya raka ni, ya kuma rako ni.

Ran Talata gajiya ce ta zaunar da ni
a kan bencin da nake jingine kekena
duk tsawon shekarun nan.
Hannuna ya zame ƙarƙashin ƙarfe, haka kawai,
ya taɓo wani abu mai sanyi
da maganaɗisu ya riƙe.

Gwangwanin alewa ne, duk tsatsa.
Ciki da maɓallin riga,
da ɗan dokin roba mai ƙafa uku,
da kwabon ƙasar da ban san ta ba,
da takarda a naɗe, ta sha laima,
sunaye sun hau kan sunaye.

Masinja ba ya manta rubutu.
Wannan bakwai mai ɗamara a ƙugu,
waɗannan baƙaƙe masu jingina da baya
kamar masu gudun gaisuwa,
na Vendelin ne, mai gida lamba goma sha huɗu,
wanda shekara ashirin ina masa barka da asuba
yana amsa mini da ƙarar sakata.

Ga abin da ya rubuta a shafin farko:
Kai da ka samu, kada ka yi sauri.
Zauna ka dubi ruwa.
Agwagi na zuwa da la'asar.

Na zauna. Suka zo, su biyar.

Na ɗauki maɓallin, na bar harshen ƙararrawar kekena,
na rubuta Oldřich, da kwanan wata,
na jira mai gudu ya wuce,
na mayar da gwangwani mazauninsa.

A hanyar gida na bi ta ƙofarsa.
Yana bakin taga, ya tsufa, kamar ni.
Ban ce uffan ba, sirri sirri ne.
Hula kawai na ɗaga.
Ya dubi laka a gwiwata, ya daɗe yana dubawa.
Karen sabo ne, bai san ni ba.