Tambaya Talatin da Uku

Magajin gari ya aike ni da takarda,
shafi huɗu, tambaya talatin da uku,
in je bakin tabki, bayan Garin Malam,
inda Alhaji Ma'azu ke son kafa gidan mai.

Babur ɗina ya yi ta tari tun daga ƙofar ofis,
baƙin hayaƙi na bin bayana kamar mai bin bashi.
Ni aka ɗora wa awon hayaƙin Damagaram,
ni ne kuma na fari da awon zai kama.

Tambaya ta ɗaya: itace nawa ne a filin?
Gawo huɗu, aduwa biyu, bedi ɗaya,
da wata kurna da awaki suka yi wa aski.
Na rubuta takwas.
Inuwar kuwa ba a ba ni mudun aunata ba.

A ɗakin horo an koya mana lissafi:
kowane icce na haɗiye kaza a shekara
daga iskar da ido bai gani, hanci bai ji,
wadda ke ƙara wa bazara wuta,
ta sa damina zuwa a makare, da fushi.
Na haddace shi sarai.
Na zo da shi a aljihu, naɗe kamar laya.

Cima mai tuyar awara ta leƙo takardata.
"Ɗan nan, ka sa ni a ciki?"
Na ce, Inna, gurbin mutane lamba kawai yake ci.
Ta nuna min tukunyar gas da muka raba bara,
an kife mata faranti, kaza na kwana gefenta.
"Ta ƙare tun kafin salla.
Cika ta ribar kwana huɗu ce.
Na koma ga icce, ido na ruwa, ƙirji na zafi.
Rubuta wannan, in alƙalaminka na da kunne."

Kiyari mai tubali bai ɗago kai ba,
laka har gwiwa, yana dannawa.
"In kun cike tabki," ya ce,
"ina ruwan Agusta zai kwana?
Ruwa bai manta ɗakinsa.
Ya tarar da kwaɗo a ƙofa,
zauren kowa zai bi yana sallama."

Tambaya ta ashirin: akwai namun dawa?
Na duba. Balbela biyar,
ƙadangare kan dutse yana gyaɗa kai
kamar ya san amsar,
sai kwaɗin da ba su farka ba tukuna.
Na rasa ko su ma ana ƙirga su.

Sai da na zaga bayan babban dutsen
na ga jar ƙasa, juji uku,
sawun kamiyo ɗanye, na jiya ko shekaranjiya.
Ashe bincikena ne ya zo a makare,
an riga an yi bisimilla da tuwon.

Gurbi na ƙarshe: ra'ayin mai bincike.
Layi uku suka bar min.
Na rubuta: a dakata.
A matsa da ginin gabas, kan tsauri,
inda ruwa bai da gādo.
A kwashe jar ƙasa. A bar gawo.
Maganar Cima ban sami wurinta ba,
sai na bi gefen takarda da ita, a karkace,
har ta faɗa shafi na gaba.

A hanyar komawa mai ya ƙare min.
Na tura babur har Zango, gumi na ɗiga,
ina waige, ina neman gidan mai,
ina yi wa kaina dariya.

Yanzu takardar na kan teburin sakatare,
an aza mata kofin shayi don kada iska ta ɗauke.
Ya ce in dawo ran Litinin.
Na fito. Gabas ta fara haɗa rai.