Jan Fenti

Sun biyo hanyar Ringim da farar mota,
da igiyar awo da gwangwanin jan fenti,
suka zana lamba a katangar Ilu mai faci,
suka ce ta nan lambatu zai bi.

Ba zan ci haƙƙinsu ba:
rumfunan kwano goma sha biyu sun tsaya a kasuwa,
kwalbatin bakin asibiti ya hana ruwa
shiga ɗakin haihuwa bara.
Tambai akawu ya san kowa har kakansa,
in ka kai kuka, tabarma yake fara ba ka.

Sai muka ji a rediyo an rushe hukumar.
Rusau! Abin da muke tsoro a kan gidajenmu
yau ya faɗa kan masu shi.

Takardun diyya sun tafi Dutse cikin buhun taki.
Ofis kuwa, tantabaru sun kama aiki.
Lambatun ya tsaya daidai ƙofar Dije,
baki buɗe, yana kiwon sauro.

Ilu bai goge lambarsa ba.
Ya ce don rijiya ta ƙafe
ba a yar da guga.