Sikeli Biyu

Kifi nake sayarwa a bakin tekun Valparaíso.
Shekara ashirin ina awo,
na san sikeli maƙaryaci tun allurarsa ba ta tsaya ba.

'Yata Eloísa bakwaini ce.
Sati tara ta yi a kwalba, a hawa na uku,
wayoyin jikinta sun fi gashin kanta yawa.

Ran Talata Likita Urrutia ta zo da takarda.
Ta ɗaga ɗan hannun, ta saki,
ta sosa tafin ƙafa,
ta jawo ta zaune, wuya ya langaɓe.
Ta rubuta maki, ta ce da abin dubawa.
Ran Alhamis sai Likita Quilodrán,
takardar nan dai, gwajin nan dai,
ya ce, "Ai garau take."

To wanne zan kai wa uwarta?

Urrutia ba ta yi mini rufa-rufa ba:
Talata yarinyar da yunwa, ta sha kuka,
Alhamis a ƙoshe take.
Hannun mai awo, in ji ta, shi ma yakan hau sikeli.
Za a ɗauki bidiyon motsinta,
mutum uku su kalla, kowa shi kaɗai,
a sake bayan wata uku.

Wata uku.

Da asuba na koma kasuwa.
Kowane kifi sai na auna shi sau biyu.
Wata tsohuwa ta ce, "Eleodoro, yau lafiya?"
Na jefa mata gyara a leda,
na ce iska ce ke kaɗa allurar.