Na'ura Ta Huɗu

Ƙarfe bakwai na yamma a Setúbal,
ƙarnin kifi na hawowa daga bakin ruwa.
Ni Graciete, mai riƙon makullin laburare,
ina bin kwamfutoci shida ɗaya bayan ɗaya
ina share sawun waɗanda suka zauna,
yadda teku ke yi wa rairayi.

Da safe tsoho Anselmo ya zo,
tafinsa duk kantar igiyar koma.
Da yatsa guda ya rubuta sunan wata cuta
wadda bai gaya wa matarsa ba.
Na gani ta wutsiyar ido, na kau da kai,
na shiga gyara littattafan da ba su karkace ba.

Wata 'yar makaranta ta tambayi allo
abin da ba a iya tambayar uwa.
Wani baƙo ɗan Moldova ya nemi aiki,
sannan ya nemo titin garinsu,
ya daɗe yana kallon wata shuɗiyar ƙofa.

Ba ma tambayar suna.
Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Ran Laraba sai ga Leonel ɗan sanda,
wanda na koya wa neman littafi yana ɗan shekara tara.
"Wa ya zauna a ta huɗu ran Litinin?
Daga nan aka aika wa wata mata
cewa an san hanyar da take bi zuwa gida."
Na ce, kawo takardar alƙali.
"In na kawo fa?"
Na ce, rairayi za ka tarar.

Ya juya hularsa a hannu, ya fita.

Daren nan barci ya ƙaurace mini.
Ashe bargon da ya rufe mai jin sanyi
shi ya rufe ɓarawo.
Koren kwat ne? Ko wannan Talata ya zo?
Na yi shekaru ina koya wa idona mantuwa,
ga shi ya ƙware.

Da gari ya waye na jawo ta huɗu kusa da teburina.
Babu wanda ya zauna.
Da azahar na mayar da ita lungunta.

Can la'asar wata mata ta shigo tana waiwaye,
ta sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa:
"Akwai mai ganin abin da zan rubuta?"

Na ce, babu.
Na ja mata kujera.